Yadda Mutanen Nairobi Suka Tsare Lambun Uhuru Da Sauran Filayensu

A watan Oktoban 1989 ne labari ya fara yawo a birnin Nairobi cewa gwamnatin Kenya tana shirin yanka wani ɓangare na lambun shaƙatawa na Uhuru, wanda yake manne da tsakiyar birnin, domin a kafa bene mai hawa 60 a kansa. An tsara cewa ginin zai zama hedikwatar jam'iyyar KANU mai mulki da ofishin jaridarta Kenya Times, kuma zai ƙunshi kantuna da ofisoshin haya da zauren taro da wurin ajiye motoci 2,000, sannan a kafa ƙaton mutum-mutumin shugaban ƙasa Daniel arap Moi a gabansa. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala miliyan 200, kuma akasarinsu bashi ne da za a ciwo daga waje. Masu goyon bayan aikin suna alfahari da cewa babu ginin da zai kai shi tsawo a nahiyar Afirka.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa wannan shiri ya zama rigima, sai an san waɗanda suke amfani da lambun. Shugaba Jomo Kenyatta ne ya buɗe shi ga jama'a a ranar 23 ga Mayun 1969, kuma faɗinsa bai kai hekta 13 ba, amma yana da ciyawa da itatuwa da tafki na haƙa da dandalin taro. Attajirin Nairobi ba ya bukatarsa, domin yana da farfajiya a gidansa, yana kuma da kulob ɗin da yake biyan kuɗin zama mamba. Masu bukatarsa su ne ƙaramin ma'aikacin da ba shi da kuɗin abincin rana, wanda yakan zo ya miƙe a kan ciyawa har lokacin komawa ofis ya yi, da matashin da ya yini yana zagaya ofisoshi da ambulan ɗin takardunsa yana neman aiki, da magidancin da yake zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya a unguwannin talakawa na Kibera ko Mathare, wanda yakan kwaso yara ranar Lahadi su zo su hau ƙaramin kwalekwale a tafkin, a saya musu abin lasa, mai hoto ya ɗauke su. Ga irin waɗannan mutane, lambun ne kaɗai wurin da za su zauna a tsakiyar birni ba tare da wani ya tambaye su abin da za su saya ba.

Lokacin kuma ba na yin magana ba ne. Tun 1982 aka gyara kundin tsarin mulkin Kenya aka mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya, a zaɓen 1988 kuwa an sa masu zaɓe sun yi layi a fili a bayan hoton wanda suke so, ana tsare mutane ba tare da shari'a ba, kuma duk wanda ya soki aikin da aka jingina da sunan shugaban ƙasa ya san abin da yake jiransa. A cikin wannan yanayi ne Farfesa Wangari Maathai ta ɗauki alƙalami. Tsohuwar malamar jami'a ce da ta ƙware a ilimin sassan jikin dabbobi, ita ce mace ta farko da ta samu digirin digirgir a gabashi da tsakiyar Afirka a 1971, kuma tun 1977 take jagorantar ƙungiyar Green Belt Movement, wadda aikinta shi ne koya wa matan karkara renon itatuwa da dasa su. Ba ta kira zanga-zanga ba, domin babu wanda zai fito. Abin da ta yi shi ne rubuta wasiƙu, kuma ta rubuta su da yawa: ga shugaban kamfanin jaridar, da ofishin shugaban ƙasa, da hukumar birnin Nairobi, da ministan muhalli, da ma'aikatar ayyuka, da shugabannin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da muhalli da al'adu. Kowace wasiƙa ta aika, sai ta miƙa wa 'yan jarida kwafinta. Ta kuma rubuta wa jakadan Birtaniya a Nairobi, Sir John Johnson, tana roƙonsa ya yi magana da attajirin jaridu Robert Maxwell, wanda yake da babban hannun jari a aikin, tana tambaya ko mutanen Landan za su yarda a yi irin wannan gini a lambun Hyde, ko mutanen New York a lambun Central.

A ganina, raba kwafin wasiƙun nan ga jaridu shi ne dabarar da ta fi kowace tasiri a farkon lamarin, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Wasiƙar da aka aika ofis kawai tana iya kwana a aljihun tebur har ta yi ƙura, amma wadda aka buga a jarida ta riga ta zama tambayar da jama'a suke jiran amsarta. Jami'an gwamnati sun ƙi ba ta amsa kai tsaye, sai suka riƙa mayar da martani ta bakin 'yan jarida, suna cewa ba ta fahimci aikin ba, wai ɗan yanki kaɗan za a ɗiba, kuma ginin zai ƙawata birni. Da haka suka tabbatar wa kowa da bakinsu cewa shirin gaskiya ne. Daga nan mutanen gari suka fara aika nasu wasiƙun zuwa shafukan ra'ayin masu karatu, wasu da sunayensu, suna bayyana abin da lambun yake nufi gare su, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasar ma ta fito ta nuna rashin amincewarta.

A ranar 8 ga Nuwamba majalisar dokoki ta ajiye aikin da ke gabanta ta shiga zagin mace guda. 'Yan majalisa suka ce ta kai ƙarar ƙasarta wurin Turawa, suka kira ƙungiyarta ta bogi, suka ce taron zawarawa ce kawai, domin ita kanta aurenta ya mutu shekaru goma kafin nan, wasu ma suka ce in tana sha'awar Turai ta tattara ta koma can. Amsar da ta ba su ta yi daidai da sana'arta, domin ta nemi su bar zancen aurenta, su yi muhawarar da sashen jikin da yake daga wuya zuwa sama. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa matar da ta buɗe baki a kan al'amarin jama'a ba zai yi mamakin wannan salo ba, domin idan aka rasa amsar hujjarta, sai a koma tambayar ina mijinta. Mako guda bayan haka, a ranar 15 ga Nuwamba, aka yi bikin fara haƙa harsashi, aka kewaye wurin da shingen langa-langa.

Sai ta garzaya babbar kotu tana neman a dakatar da aikin, kuma abin da ya faru a can shi ne zuciyar wannan labari a wurina. A ranar 11 ga Disambar 1989 alƙali ya yi watsi da ƙarar ba tare da ya shiga batun ko ginin ya dace ko bai dace ba. Hukuncinsa shi ne cewa ba ta da hurumin shigar da ƙarar tun farko, domin ba ta nuna wata asara da ta same ta ita kaɗai fiye da sauran jama'a ba, kuma babban lauyan gwamnati ne kawai doka ta ba ikon yin ƙara a madadin al'umma. A duba yadda wannan ƙa'ida take aiki. Da a ce fulotinta ne aka shiga, da kotu ta saurare ta, amma da yake filin na mutanen birni ne gaba ɗaya, sai ya zama babu ko mutum ɗaya daga cikinsu da yake da bakin magana, kuma wanda aka ce shi zai yi magana a madadinsu ma'aikaci ne na gwamnatin da take son cinye filin. Abin da ya fi yawan masu shi, shi ya fi rashin mai tsaya masa a gaban shari'a. Ba a Kenya aka ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba, gado ce daga shari'ar Ingila, kuma ƙasashe da dama da Birtaniya ta mulka sun daɗe suna fama da ita.

Kashegari, 12 ga Disamba, ranar bikin 'yancin kai, Shugaba Moi ya tsaya a cikin lambun na Uhuru ya ce kamata ya yi ta zama mace ta gari bisa al'adar Afirka, ta girmama maza ta yi shiru. Kafin nan ya riga ya ce masu adawa da ginin ƙwari ne a cikin kawunansu. Ba a daɗe ba aka kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnatin da ta shafe shekaru tana amfani da shi, ta kwashe ma'aikata da fayiloli zuwa gidanta, aka kuma aiko masu binciken kuɗi su tone littattafan ƙungiyar. Wanda ya duba al'amarin a ƙarshen shekarar 1989 zai ce an gama da ita, domin majalisa ta zage ta, kotu ta kore ta, shugaban ƙasa ya yi mata gori, shinge kuma yana tsaye.

Sai dai ba a yin bene mai hawa 60 da jawabi, da kuɗi ake yinsa, kuma kuɗin ba na KANU ba ne. Jaridun Amurka da na Birtaniya sun ɗauki labarin, ƙasashe da hukumomin da suke ba Kenya rance da tallafi suka fara tambayar yadda ƙasar da take neman agaji za ta ɗauki nauyin bashin dala miliyan 200 domin gina hedikwatar jam'iyya. A watan Janairun 1990 masu zuba jari daga waje suka janye, gwamnati ta ce an rage girman aikin, daga nan kuma ba a sake ɗora ko bulo ɗaya ba. Ba a taɓa fitowa an ce an yi kuskure ba. An dai bar shingen yana tsatsa har watan Fabrairun 1992, lokacin da aka cire shi ba tare da wani biki ba.

Akwai masu ganin cewa kai kuka ga jakadan tsohuwar uwargijiyar mulkin mallaka abin kunya ne, kuma ban ɗauki wannan suka da wasa ba, domin babu mai son ganin ana warware rigimar cikin gida a Landan ko Washington. Amma tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, wa ya fara kai maganar waje? Waɗanda suka tsara ginin su ne suka nemo abokin hulɗa Bature, suka kuma shirya cin bashi daga bankunan waje wanda talakan Kenya zai biya. Tun da an rufe ƙofar majalisa da ta kotu, bin sawun kuɗin zuwa inda za su fito ita ce hanya ɗaya da ta rage. Ya kuma dace a tuna cewa Maxwell ɗin nan ya mutu a teku a watan Nuwamban 1991, kuma bayan mutuwarsa aka gano ya kwashe ɗaruruwan miliyoyin fam daga asusun fanshon ma'aikatansa, daularsa ta rushe. Da an fara ginin, ba shi da wuya a hasko irin kangon da za a bari a tsakiyar Nairobi.

Ba a daɗe da cire shingen ba aka ga wani amfanin fili a buɗe wanda ba shi da alaƙa da shan iska. A ranar 28 ga Fabrairun 1992 wasu iyaye mata, yawancinsu tsofaffi daga karkara, suka zauna a wata kusurwa ta lambun suka fara yajin cin abinci suna neman a sako 'ya'yansu da aka ɗaure saboda siyasa. A ranar 3 ga Maris 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, aka doki Maathai har ta suma, wasu daga cikin tsofaffin suka tuɓe tufafinsu, abin da a al'adar mutanen wurin tsinuwa ce mai nauyi daga uwa. Suka koma majami'ar All Saints da ke gefen lambun suka ci gaba da zama kusan shekara guda, har aka sako yawancin fursunonin.

A tsakanin waɗannan shekaru an yi wata ƙaramar fafatawa da ta fi kama da abin da unguwanni suke fuskanta. Lambun Jeevanjee, wanda bai wuce eka biyar ba, kyauta ce da wani ɗan kasuwa ɗan asalin Karachi, Alibhai Mulla Jeevanjee, ya ba mutanen Nairobi a 1906. A 1991 hukumomin birni suka shirya mayar da shi wurin ajiye motoci da kantuna, sai jikarsa Zarina Patel ta jagoranci masu adawa, tana tuna wa hukuma cewa domin hutawar jama'a aka bayar da filin, har aka janye shirin. A nan tarihin kyautar ne ya yi aiki, domin an samu wanda ya san asalin filin kuma zai iya tsayawa ya faɗa.

Dajin Karura kuwa ya fi duka zafi. Daji ne mai faɗin hekta dubu da 'yan kai a arewacin birnin, wanda aka keɓe a hukumance tun 1932, yana da rafuka da magangarar ruwa da koguna na dutse da ake cewa mayaƙan Mau Mau masu yaƙi da mulkin mallakar Birtaniya sun ɓuya a cikinsu, kuma yana maƙwabtaka da hedikwatar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1998 aka gano cewa an yanka kusan rabinsa a asirce an raba wa kamfanoni masu zaman kansu domin gina gidajen alfarma, har katafila ta shiga ta fara share hanyoyi. Wannan karon ba a sanar da komai ba, babu bikin harsashi, babu mutum-mutumi, takardu ne kawai suka canza hannu a ofishin filaye. Matan ƙungiyar suka riƙa shiga dajin da 'ya'yan itace da bokitan ruwa suna dasawa a inda aka sare, suka ma kafa wurin renon shuka a ciki. A watan Oktoba wasu masu zanga-zanga suka ƙona injinan 'yan kwangila, abin da ni ban ga ya taimaka ba, domin ya ba hukuma hujjar rufe dajin da 'yan sanda. A ranar 8 ga Janairun 1999 Maathai ta je bakin ƙofar dajin tare da wasu 'yan majalisa na adawa da 'yan jarida domin ta dasa itace guda ɗaya, sai 'yan daban da aka ɗauka gadi suka auka musu da bulala da kulake da duwatsu, aka fasa mata kai. Da ta isa ofishin 'yan sanda, sai ta sa hannu a takardar ƙorafinta da jinin da yake zuba daga kanta. An ɗauki harin a bidiyo, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya yi tir da shi, ɗaliban jami'a suka fito aka yi kwanaki ana arangama har aka rufe jami'o'i, shugabannin addini ma suka shiga. A watan Agustan 1999 shugaban ƙasa ya sanar da haramta raba filayen gwamnati, aikin gini a dajin ya tsaya.

Sai bayan da KANU ta faɗi zaɓe a 2002 aka san girman ɓarnar. Shugaba Mwai Kibaki ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin lauya Paul Ndung'u, kuma rahotonta na 2004 ya ƙiyasta cewa an ƙirƙiri takardun mallakar fili na haram kusan 200,000 tsakanin 1962 da 2002, waɗanda suka shafi dazuzzuka da gefen hanyoyi da filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu da wuraren wasan yara. Wannan adadi yana nuna cewa a kan kowane lambun da aka ceto saboda ya yi suna, akwai dubban ƙananan filayen unguwa da suka tafi ba wanda ya rubuta wasiƙa a kansu. Ba a aiwatar da yawancin shawarwarin rahoton ba, amma wani abu ya canza a doka. Dokar muhalli ta 1999 ta fara sassauta batun hurumi, sannan kundin tsarin mulkin 2010 ya ba kowane mutum 'yancin samun muhalli mai tsafta da lafiya a sashe na 42, ya kuma fayyace a sashe na 70 cewa mai shigar da ƙara a kan muhalli ba sai ya nuna cewa wani ya yi asara ko ya ji rauni ba. Wato ainihin dalilin da aka kori ƙarar 1989 da shi, shi aka soke. An ƙaddamar da wannan kundi ne a ranar 27 ga Agustan 2010, a dandalin taro na lambun Uhuru.

Mai karatu daga Kano ko Kaduna ko Zariya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan yadda filin ƙwallon unguwa ko gefen maƙabarta ko harabar makarantar firamare suke wayar gari da tubalan siminti da layin shaguna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, amma ba ta koya wa jama'a yadda za su tuhumi mai riƙon amanar ba. Kotunan Najeriya ma sun daɗe suna korar irin waɗannan ƙararraki da hujjar rashin hurumi, sai a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a kan malalar mai, cewa ƙungiya mai zaman kanta tana iya yin ƙara domin kare muhalli a madadin jama'a. Abin da na lura shi ne mukan fara kuka ne bayan an zuba kankare, lokacin da wani ɗan kasuwa ya riga ya biya kuɗinsa ya karɓi takarda, daga nan kuma rigimar ta tashi daga tsakanin unguwa da hukuma ta koma tsakanin talaka da talaka.

Gyaran doka bai hana masu haɗama gwada sa'arsu ba. A watan Janairun 2015 yaran makarantar firamare ta Lang'ata Road a Nairobi suka dawo daga hutu da yajin aikin malamai, suka tarar an gina katanga an raba su da filin wasansu. A ranar 19 ga watan suka fito cikin korayen rigunan makaranta, suna riƙe da kwalaye da rassan itace, tare da wasu 'yan rajin kare haƙƙi irin su Boniface Mwangi, suka riƙa tura katangar da ƙofar ƙarfen har suka faɗi. 'Yan sanda, waɗanda suka zo da karnuka, suka harba musu barkonon tsohuwa, aka kwashi wasu yaran zuwa asibiti. Abin da ya ɗauki Maathai watanni uku tana rubuta wasiƙu kafin duniya ta ji, wannan karon Twitter da Facebook sun yaɗa shi kafin azahar. Ministan cikin gida ya je makarantar ya ba da haƙuri, ma'aikatar filaye ta tabbatar cewa filin na makaranta ne, aka rushe sauran katangar, Shugaba Uhuru Kenyatta kuma ya ba da umarnin a yi wa makarantun gwamnati takardun mallaka, domin a lokacin ne aka farga cewa yawancinsu ba su da ko guda. Ba na jin daɗin sa yara a gaba a irin wannan fito-na-fito, kuma ina ganin manyan da suka shirya shi suna da tambayar da za su amsa, ko da yake laifin wanda ya harba hayaƙi a kan ɗan shekara takwas ya fi nasu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da yake biyo bayan nasara, wanda ba a cika ba da labarinsa ba domin babu kulki ko jini a cikinsa. Shekaru goma bayan an hana gini a Karura, dajin ya zama maɓoyar 'yan fashi da wurin jefar da gawa, mutanen da aka yi faɗan dominsu ba sa iya shigarsa. Filin da jama'a suke tsoro kuwa yana da sauƙin sayarwa, domin duk wanda ya zo da zanen gidaje zai ce gyara ya kawo. Sai a 2009 mazauna unguwannin da ke kewaye suka yi amfani da dokar gandun daji ta 2005, wadda ta ba al'umma damar yin haɗin gwiwa da hukuma, suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest. Suka tara kuɗi aka kewaye dajin da shingen lantarki, aka share hanyoyin tafiya da na keke, aka ɗauki masu gadi da ma'aikata daga unguwar talakawa ta Huruma da ke gefensa, aka fara maye gurbin itatuwan turare da aka shigo da su da itatuwan asalin ƙasar. Yau dajin yana cikin wuraren da mutanen Nairobi suka fi zuwa. Amma ana biyan kuɗi a ƙofa, kuma ko da kuɗin ba su da yawa, sun isa su tace masu shiga, ta yadda wanda yake gudun motsa jiki da takalmi mai tsada ya fi magidancin Mathare yawa a ciki. Ban ga wata hanya mai sauƙi ta biyan masu gadi ba tare da kuɗin shiga ba, amma ba zan ce dajin ya koma hannun kowa da kowa kamar yadda lambun Uhuru yake ba.

Shi ma lambun Uhuru bai huta ba. A 2019, shekaru takwas bayan rasuwar Maathai, aka fitar da taswirar babbar hanyar sama mai tsawon kilomita 27 da wani kamfanin China zai gina daga yankin filin jirgin sama zuwa yammacin birnin, sai aka ga za ta ci wani yanki na lambun. Ƙungiyoyi da mutanen gari suka yi ca, gwamnati ta fito ta ce an gyara taswirar ba za a taɓa shi ba, ko da yake an sare itatuwa masu yawa a gefen hanyar, in ban da wani tsohon ɓaure a Westlands da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a bari a 2020. A ƙarshen 2021 kuma hukumar da ke kula da ayyukan birnin ta rufe lambun gaba ɗaya da sunan gyara, aka shigar da katafila ba tare da an tuntuɓi masu amfani da shi yadda ya kamata ba. Wannan karon da aka je kotun muhalli da filaye, alƙali ya saurari masu ƙara har ya ba da umarnin dakatar da aikin na wani lokaci. Daga baya aikin ya ci gaba, kuma masu hoto da masu kwalekwale da masu sayar da abin lasa suka yi fiye da shekara biyu a waje kafin a sake buɗe ƙofofin ga jama'a a 2024.